Tukuici da Albashin Masu Hidima a Otal, Gidan Abinci da Mashaya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa cin abinci a otal, aka ajiye masa takardar lissafi a kan tebur, ya tsaya yana wasiwasin ko ya bar wa yaron da ya yi masa hidima wani abu, ya san wannan magana. Matafiya sun fi kowa shan wahalarta. Abin da ake gani karamci ne a Kano yana iya rikita ma'aikaci a Japan, a Amurka kuwa rashin yin sa daidai yake da hana mutum gumin goshinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da nake gani shi ne gaskiyar kowacce.

Wane tukuici ake nufi? Irin wanda muka sani a gida?

Asalinsu ɗaya, amma sun rabu a hanya. A wurinmu, idan aka aiko yaro da kwanon abincin sallah, wanda aka kawo wa yakan miƙa masa ɗan wani abu. Masu kawo lefe ba sa komawa hannu rabbana. Wanda ya zo da labari mai daɗi ya ce "albishirinka", a ce masa "goro". Har karin magana gare mu a kai: yaba kyauta tukuici.

Abin lura shi ne, wannan tukuicin bai taɓa shiga lissafin wanda ya yi aiken ba. Babu uwar da za ta ce wa ɗanta, tun da za a ba ka tukuici a gidan Hajiya, yau babu tuwonka a nan. Tuwonsa na nan, tukuici ƙari ne. Duk rigimar da ake yi a duniya kan wannan batu ta samo asali ne daga ranar da masu wuraren aiki suka fara cewa tukuici shi ne tuwon.

Sunayensa suna da yawa. A kudancin Najeriya da Gana dash ake cewa, a Masar da Turkiyya bakshish, a Nijar za ka ji ana cewa kado. Kalmar da Faransawa da Jamusawa ke amfani da ita kuwa ma'anarta kuɗin abin sha, kamar dai yadda mu ma muke cewa "ga na shan ruwa".

A Najeriya da Nijar dole ne in bayar?

A'a. Babu dokar da ta wajabta, kuma babu wanda zai bi ka waje don ba ka bayar ba. Mutane suna barin canji ga mai kawo abinci, suna ƙara wa mai wankin mota, suna miƙa wa maigadin da ya duba musu mota. Duk ihsani ne.

Sai dai kada a haɗa shi da lada. Kuɗin da kuka yi ciniki da ɗan dako kafin ya ɗauki buhu haƙƙinsa ne, haka kuɗin mai gyaran takalmi da na wanzami. Wasu sukan biya lada suna jin kamar kyauta suka yi, har suna jiran a yi musu godiya ta musamman.

Me ya sa a Amurka ake ɗaure wa mutum fuska idan bai bar komai ba?

Saboda a can dokar ƙasa ce da kanta ta mayar da tukuici albashi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa ɗaya, kuma haka yake tun 2009. Amma ga ma'aikacin da ke samun tukuici fiye da dala 30 a wata, an yarda mai wurin ya biya shi dala 2.13 kawai a awa, a ɗauka cewa kwastomomi za su cike sauran dala 5.12. Gyaran dokar ƙwadago na 1966 ne ya buɗe wannan ƙofa, adadin dala 2.13 kuwa bai motsa ba tun 1991.

A yi lissafi a gani. Mai kawo abinci da ya yi awa 40 a mako, abin da zai fito daga aljihun maigidansa dala 85.20 ne. Da mafi ƙarancin albashi aka biya shi, da dala 290 zai samu. Ratar da ke tsakani, fiye da dala 200 kowane mako, a wuyan masu cin abinci take. Doka ta ce idan tukuicin bai kai ya cike ba, mai wurin ya cike. A aikace, ma'aikacin da ke tsoron a rage masa ranakun aiki da wuya ya je ya tsaya gaban manaja yana neman cikon dala 15.

Ba duk jihohi ne suka bi wannan tsari ba. Guda 7, wato Kalifoniya, Washinton, Oregon, Nebada, Minisota, Montana da Alaska, sun wajabta a biya cikakken mafi ƙarancin albashi, tukuici ya zo a sama. Gidajen abinci ba su rufe a waɗannan jihohi ba, mutane kuma ba su daina bayar da tukuici ba.

Saboda haka Bahaushen da ya je karatu ko kasuwanci Amurka, ya ci abinci ya tashi bai bar komai ba don a garinsu ba a yi, ba mai gidan abincin ya hukunta ba. Yarinyar da ta yi ta kai da komo da faranti ce ta yi aikin kusan kyauta.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Attajiran Amurka ne suka kwaso al'adar daga Turai a ƙarni na 19, inda baƙo kan bar wa barorin gidan da ya sauka wani abu. Amma abin da ya ba ta gindin zama shi ne ƙarshen bauta. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865, dubban baƙaƙen fata da aka 'yanta suka fito neman aiki, kuma otal-otal da gidajen abinci da kamfanonin jirgin ƙasa suka ga dama ta samu. Kamfanin George Pullman, mai taragun kwana na jirgin ƙasa, ya ɗauke su da yawa a matsayin masu yi wa fasinja hidima, a kan albashi ɗan kaɗan, sauran su nema a hannun fasinjoji. Waɗannan ma'aikata ne suka kafa ƙungiyarsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma sai a 1937 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su. Shekara 12 suna fafutuka.

Amurkawa da yawa na wancan zamani sun tsani al'adar, suna ganin tana mayar da ɗan ƙasa bara. Wasu jihohi har doka suka yi ta hana tukuici, Washinton ce ta fara a 1909. Ba a iya aiwatar da dokokin ba, zuwa 1926 duk an soke su.

To nawa ake bayarwa a can?

A gidan abincin da ake zama a kawo maka, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na lissafin, kuma yanzu an fi karkata ga 20. Idan abincinka dala 60 ne, ka bar dala 12. A teburin abin sha, dala 1 ko 2 kan kowane kofi, ko da lemo ne. Direban tasi da mai aski da mai kawo saƙon abinci gida su ma ana ba su. Inda kai ne ka tsaya a layi ka karɓi abincinka da kanka, ba dole ba ne, ko da na'urar biyan kuɗi ta nuno maka zaɓin tukuici. Ka duba takardar kafin ka ƙara, domin idan kuna da yawa a tebur ɗaya wasu wuraren sukan sa shi a ciki tun farko.

Sauran ƙasashe fa?

A Faransa kuɗin hidima na cikin farashin da aka rubuta, sai dai mutum ya bar ɗan canji idan ya ji daɗi. A Jamus ana cike lissafin ne zuwa sama: abin Yuro 18 da 'yan kai, ka ce wa mai karɓar kuɗi ya riƙe 20. A Landan gidajen abinci da yawa suna ƙara kashi 12.5 a takardar, kuma kana da ikon cewa a cire. A Japan ba a yi sam, ma'aikaci na iya biyo ka da gudu ya mayar maka da kuɗin, yana zaton mantawa ka yi. A Masar kuwa bakshish ya shiga ko'ina, ka tanadi ƙananan kuɗi tun daga filin jirgi.

Na ga an rubuta sabis caj a rasit. Shi ne tukuicin? Yana isa hannun ma'aikata?

Wannan ce tambayar da ta fi ci mini rai. A manyan otal-otal na Najeriya an saba ƙara kashi 10 cikin 100 da sunan kuɗin hidima, ban da harajin VAT na kashi 7.5, a Legas kuma da wani harajin kashi 5 na jiha. Harajin na gwamnati ne. Kuɗin hidimar kuwa, bisa sunansa, na waɗanda suka yi hidimar ne. Idan ka ci abincin naira 20,000, naira 2,000 ke nan ta ma'aikata.

Akwai wuraren da ake tara shi a raba a ƙarshen wata, musamman inda ƙungiyar ma'aikatan otal ke da ƙarfi. Akwai kuma inda yake shigewa asusun mai wurin ya yi shiru. Na taɓa tambayar wani matashi da ya kawo mana abinci a wani otal a Abuja ko wannan kashi 10 ɗin yana zuwa gare su. Ya waiga ya duba ko manaja na kusa, sannan ya ce, "Yallaɓai, mu dai muna ganinsa a takarda." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi muni, kwastoma ya ga an rubuta kuɗin hidima sai ya ɗauka ya riga ya sallami yaron, ya tashi bai ba shi komai ba. An cuci yaron sau biyu ke nan.

Birtaniya ta magance wannan da doka. Tun daga 1 ga Oktoban 2024, duk tukuici da kuɗin hidima dole ne su isa ga ma'aikata gaba ɗaya, ba a cire komai sai haraji, a biya su kafin ƙarshen watan da ya biyo baya, kuma wurin ya rubuta tsarin rabon yadda kowa zai iya gani. Tun 2009 ma suka hana a lissafa tukuici cikin mafi ƙarancin albashi. A Amurka gyaran dokar ƙwadago na 2018 ya hana mai wuri da manajoji taɓa tukuicin ma'aikata. Irin wannan doka muke buƙata, kuma ba ta cin gwamnati ko kwabo.

Gara in ba shi a hannu, ko in haɗa a POS?

A hannu, idan ba ka san tsarin wurin ba. Kuɗin da ya shiga POS ko tiransfa asusun mai wurin ya shiga, fitowarsa kuma sai yadda hali ya yi. Idan babu tsabar kuɗi a jikinka, ka tambayi ma'aikacin cikin sirri yadda ya fi so.

Ni ba na shiga mashaya. Me ya haɗa ni da maganar ma'aikatanta?

Yawancin masu karanta wannan ba sa shan giya, kuma hukuncinta a addini sananne ne, ba shi muke tattaunawa ba. Amma teburin abin sha na otal yana sayar da lemo da gahawa da ruwan 'ya'yan itace, kuma da yawa mun zauna a wurin muna jiran baƙo. Bayan haka, halin da ma'aikatan mashaya ke ciki shi ne halin masu aiki a wuraren shisha, gidajen kallon ƙwallo, wuraren shaƙatawa da zauren biki: aikin dare, tsayuwa ta awa 10 ko fiye, kwastoma mai tsawa, da neman abin hawa ƙarfe 2 na dare. Ma'aikaci ya yi aiki, a biya shi. Ƙin sana'ar wani bai halatta cin guminsa ba.

Ai tukuici ne ke sa su ƙara himma, ko ba haka ba?

Haka ake zato. Michael Lynn na Jami'ar Cornell, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tukuici, ya gano cewa dangantakar ingancin hidima da yawan abin da ake bari ba ta da ƙarfi. Girman lissafin ne ya fi tasiri, sai halin mai bayarwa, sai abubuwan da ba ruwansu da aiki, irin su kamannin ma'aikaci da launin fatarsa.

Ga mata abin ya fi nauyi. Wadda kuɗin hayarta ya rataya a kan ganin damar namijin da ke zaune a tebur, dole ta haɗiye maganganun da ba za ta yarda da su a titi ba, ta yi murmushi. Mu ma nan mun san mazan da ke riƙe da 'yar naira 500 a hannu suna neman lambar waya kafin su saki. Wannan ba ihsani ba ne, kuma albashi mai kyau shi ne abu na farko da ke ba yarinya ƙarfin cewa a'a.

Mene ne bambancinsa da cin hanci? Shi ma ai "na goro" ake ce masa.

Kalmar ce aka ara don a rufe abin kunya. Tukuici yana zuwa ne bayan an gama aiki, ga wanda ba shi da ikon hana ka haƙƙinka, kuma ana iya bayar da shi a gaban kowa. Cin hanci yana zuwa kafin aiki ko don a karkatar da shi, ga wanda ke riƙe da wani iko: jami'in da fayil ɗinka ke teburinsa, mai tsaron shingen hanya, mai raba layi a asibiti.

Malamai kan kawo hadisin mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya yi huɗuba ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ko a otal ma akwai iyaka. Idan ka ba mai karɓar baƙi kuɗi don ya ba ka ɗakin da wani ya riga ya kama, ka tsallake ta.

Nawa doka ta ce a biya ma'aikacin otal a Najeriya?

Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata tun Yulin 2024, bayan naira 30,000 na 2019. A Nijar an ɗaga shi zuwa sefa 42,000 daga Janairun 2024. Amma dokar Najeriya tana da ƙofar baya mai faɗi: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin da ba na cikakken lokaci ba da waɗanda ake biya da kamasho ba. Ka ƙirga gidajen abincin unguwarku, nawa ne ke da ma'aikata 25? Ke nan mafi yawan masu sabis, da masu wanke-wanke, da yaran mai shayi, suna wajen inuwar dokar. Abin da maigida ya yanka shi ne albashi, wani lokaci da abincin rana a matsayin ciko.

Inda doka ta tsaya, sai tsoron Allah ya ɗauka. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe bai ware mai ma'aikata 5 ba.

Ina aiki a gidan abinci. Idan faranti ya fashe ko kwastoma ya gudu bai biya ba, a albashina ake cirewa. Daidai ne?

Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 5, ta hana mai wuri cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashi yadda ya ga dama. Ana iya cire wani abu daidai gwargwado ne kawai idan asarar ta faru saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, kuma sai da amincewar jami'in ƙwadago tukuna. Duk abin da za a cire a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Dokar ta kuma ce a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aiki. Kwastoman da ya sulale ba sakacinka ba ne idan tebur 8 aka ɗora maka kai kaɗai.

Ka riƙa rubuta ranakun da ka yi aiki da abin da aka ba ka, ko a littafi ko a waya. Idan ta kai ga ƙara, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jihohi, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ku je ku uku ko huɗu ya fi ka je kai kaɗai.

Me zai hana a soke tukuici, a ƙara farashin abinci, a biya albashi mai kyau?

An gwada. Danny Meyer, ɗaya daga cikin fitattun masu gidajen abinci na Niyok, ya soke tukuici a wurarensa a 2015, ya shigar da kuɗin hidima cikin farashi. Babban dalilinsa shi ne masu girki da masu wanke kwanuka, waɗanda ba sa ganin kwastoma balle su samu wani abu, ga shi su ne ke cikin zafin kicin. A 2020 ya koma tsohon tsari. Kwastomomi suna ganin farashin ya yi tsada idan suka kwatanta da maƙwabta, ƙwararrun masu sabis kuma wasu suka koma inda ake tukuici, domin a babban gidan abinci ranar Asabar da dare sukan samu fiye da kowane albashi.

Wannan ya sa su kansu ma'aikatan ba bakinsu ɗaya ba. A 2024 masu zaɓe a jihar Masachuset suka ƙi amincewa da soke ƙaramin albashin masu tukuici, alhali birnin Shikago ya amince a 2023 a soke shi sannu a hankali. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar rage haraji a kan tukuici har dala 25,000 a shekara, zuwa 2028. Ya taimaki wasu, amma bai taɓa dala 2.13 ɗin nan ba, kuma mai wanke kwanukan da ba ya samun tukuici bai ƙaru da komai ba.

A ganina soke tukuici ba shi ne abin nema ba. Mutum ɗaya ba zai iya canja al'adar gari shi kaɗai ba, kamar yadda Meyer ya gani. Tsarin Kalifoniya da Birtaniya ya fi dacewa: cikakken albashi daga maigida, tukuici ya hau kansa, hannun maigida ya fita daga ciki.

Ina da ɗan ƙaramin gidan abinci, ribar ba yawa. Yaya zan yi adalci?

Ka yanka albashin da za ka iya biya, ka faɗe shi tun ranar farko, ka biya ranar da ka ce. Jinkirin albashi ya fi ƙarancinsa karya ma'aikaci, domin mai gidan haya ba ya jira. Kada ka ce wa mai neman aiki "ai za ka riƙa samu a wurin kwastomomi". Idan ka rubuta kuɗin hidima a rasit, ka raba shi duka, ka bar ma'aikata su ga lissafin, a sa da na kicin da mai shara. Idan kuwa kuɗin kake buƙata don gas da man janareta, ka ƙara a farashin shinkafa kai tsaye, kowa ya san abin da ya biya.

Idan hidimar ba ta yi mini ba, ko kuwa ba ni da abin bayarwa fa?

Ka fara duba laifin na waye. Abinci ya daɗe ko gishiri ya yi yawa, daga kicin ne, ko daga mai wurin da ya ɗauki mutum 2 aikin mutum 5. A Amurka, ko hidima ta yi rauni, an saba barin kashi 10 zuwa 15, sannan a yi wa manaja magana. A gida kuwa zaɓi naka ne gaba ɗaya.

Wanda ba shi da hali, a nan ƙasashenmu babu komai a kansa. Ya amsa sallamar yaron, ya kira shi da sunansa ko ya ce "ɗan'uwa" maimakon ya yi masa tsaki ko ya buga tebur, ya ce "sannu da aiki" idan zai tashi. Mai shirin tafiya Amurka kuwa ya sa kashi 20 ɗin nan cikin lissafinsa tun kafin ya zauna. Idan kuɗin ba su kai ba, akwai wuraren da ake saye a kanta a tafi da shi, kuma a can babu wanda ke jiran komai daga gare shi.